Ambergris: Yadda Ambar Ya Rasa Sunansa a Bakin Turawa

A shekarar 2021 wasu masunta 35 daga yankin Adan na ƙasar Yaman sun ja mushen wata ƙatuwar dabbar teku zuwa gaɓa. Warin da ke fita daga cikinta ya sa suka ce a farke ta. Da aka farke sai ga wani dunƙulen abu baƙi mai nauyin kilo 127, wanda daga baya aka saya a hannunsu kan dala miliyan ɗaya da rabi, a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita har abincin yini ya zama aiki. Jaridun Turanci sun kira abin ambergris, wani abu ne da ake haɗa turare mai tsada da shi. Su kuwa masuntan, da bakinsu na Larabci, anbar suka ce, kamar yadda kakanninsu suke faɗa tun kafin zuwan Musulunci.

Kalmomin nan biyu asalinsu ɗaya ne. Ta Turancin 'yar ta Larabcin ce, sai dai ta yi doguwar tafiya, kuma a kan hanya an yi mata wani abu da ba kasafai ake yi wa kalma ba: an ƙwace mata ma'anarta an ba wani abu dabam, sannan aka liƙa mata wutsiya don a iya gane ta. Wannan wutsiyar ita ce gris.

Mu fara da dabbar, don mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Cikin manyan halittun tekun da Turawa ke kira whale akwai guda mai ƙaton kai, wanda kansa kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawon jikinsa. Namijin yakan kai mita 16 ko fiye. Mukan ce kifi, amma ba kifi ba ne: numfashi yake yi da huhu, haihuwa yake yi, macen tana shayar da ɗanta nono. Yana nutsewa fiye da mita 2,000 a ƙarƙashin teku, ya yi sama da awa ɗaya bai fito shan iska ba. Larabawan yau suna ce masa hutul anbar, don haka a nan zan riƙa ce masa dabbar ambar.

Ɗalibin hadisi ya san wannan suna ko da bai taɓa ganin teku ba. Bukhari da Muslim sun rawaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) ya tura runduna ta mutum 300 zuwa gaɓar teku ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah. Guzuri ya ƙare har ya zama dabino ɗaya ɗaya ake raba musu a yini, daga baya suka koma kakkaɓo ganyen itatuwa suna jiƙawa suna ci. Sai teku ya jefo musu wata dabba kamar tsibin yashi, wadda Jabir ya ce ana kiranta anbar. Sun yi kwanaki suna cin namanta, wata riwayar ta ce rabin wata, wata ta ce wata guda, har suka yi ƙiba. Da tuluna suke ɗibar mai daga ramin idonta. Abu Ubaida ya zaunar da mutum 13 a cikin ramin idon, ya kuma kafa ƙashin haƙarƙarinta, mahayi a kan raƙumi mafi tsawo ya wuce ta ƙarƙashi. Da suka koma Madina suka kawo wa Annabi (SAW) ragowar naman ya ci.

To, a Larabcin wancan zamanin kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu: dabbar, da kuma turaren da ake tsinta a bakin teku. Bukhari ya kawo maganar Ibn Abbas cewa ambar ba binnanniyar dukiya ba ce, abu ne da teku ya turo. Imam Malik ma a Muwaɗɗa ya ce babu zakka a lu'ulu'u da almiski da ambar. Idan har malaman fiƙihu sun zauna suna tattauna zakkar abu, to abin yana da daraja a kasuwa. Farisancin da ma yana da kalmar ambar, Sawahilawa na gaɓar gabashin Afirka suna cewa ambari. Duk mutanen da ke kewaye da Tekun Indiya suna da ita a bakinsu, domin a gaɓoɓinsu ne abin ya fi fitowa.

Kada a haɗa wannan da lardin Anbar na Iraƙi. Wancan da alifi ake rubuta shi, daga kalmar Farisanci mai nufin rumbu ko ma'ajiyar hatsi. Namu da ainun ne.

Yanzu ga tambayar da ta fi sauƙin amsawa: me ya sa ake rubuta anbar da "n" amma Turawa duka suka ɗauke ta da "m"? Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya riga ya san amsar. Nunun da aka ɗaure, idan ya gamu da ba, mimun yake komawa. Iƙlabi ke nan. Ana rubuta min ba'adi, ana karanta mim ba'adi. Balarabe yana rubuta anbar amma ambar yake furtawa, kuma ɗan kasuwar Benis ko Jenowa na Italiya da ke ciniki a tashar Iskandariya da kunne ya karɓi kalmar, ba da ido ba. Hausa ma haka ta yi da minbar, ta mayar da shi mumbari. Shi kuwa ainun na farkon kalmar faɗuwa ya yi, saboda maƙogwaron Bature ba shi da wurin ajiye shi.

Hanyoyin da kalmar ta bi ta shiga Turai sanannu ne, su ne dai waɗanda sukari da auduga da kafur da za'afaran suka bi da sunayensu na Larabci: Andalus, tsibirin Sisili, jiragen fatake na biranen Italiya, da kuma littattafan likitanci da aka juya daga Larabci zuwa Latin, irin aikin da Gerard na Cremona ya yi a Toledo a ƙarni na 12. A Latin na wancan zamanin ta zama ambra ko ambar, a Italiyanci ambra, a Sifaniyanci ámbar, a Faransanci ambre. Daga Faransanci ta tsallaka zuwa Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 14.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a wannan tsallakawa da zai ba Bahaushe sha'awa. Bafaranshe yana cewa l'ambre, wato kalmar tare da harafin da ke nuna sananne. Wasu Ingilishi suka ji ta haka dunƙule suka ɗauka kalma ɗaya ce, sai aka sami lamber, wadda ta daɗe a bakin mutanen Sukotilan da siffar lammer. Abin da muka yi ke nan da alkitab ya zama littafi, al'imam ya zama liman, al'akhira ta zama lahira. Harshe idan zai ari kalma ba ya tsayawa tambayar inda ta fara.

Abin lura shi ne, a farkon shigarta Turai kalmar nan turaren teku take nufi, ba wani abu ba. Shaida ɗaya tana nan ɓoye cikin wata kalmar Turanci, pomander. Asalinta pomme d'ambre, wato tufar ambar: ɗan ƙwallo ne na ƙarfe mai huji-huji, na zinariya ko azurfa ga mai hali, da ake cusa wa ambar da almiski a rataya a wuya ko a ɗamara. A zamanin annobar da ta share Turai daga 1347 zuwa 1351, da sauran annobobin da suka biyo baya, mutane sun yi imani mugun wari ne ke ɗauke da cuta, don haka mai kuɗi yakan riƙa kai wannan ƙwallo hancinsa idan zai ratsa titi.

Daga nan ne baƙo ya shigo gida.

Can arewacin Turai, a gaɓar Tekun Baltik, akwai wani abu da igiyar ruwa ke jefowa bayan guguwa: ƙaro ne na itatuwan da suka mutu sama da shekara miliyan 30 da suka wuce, ya daskare ya zama kamar dutse, launinsa ruwan zuma, wani lokaci har da ƙwaro a maƙale a ciki. Wannan abu ba shi da wata alaƙa da dabba, kuma ba maraya ba ne wajen suna. Girkawa suna ce masa elektron. Rumawa suna ce masa succinum, daga kalmarsu ta ruwan itace, abin da ke nuna sun gane asalinsa. Jamusawa suna ce masa Bernstein, dutse mai cin wuta. Farisawa suna ce masa kahruba, wato mai fizgar ciyayi, domin idan ka goga shi a tufa sai ya riƙa janyo ƙananan tsinkaye.

Wannan ɗabi'a ta janyo tsinke ta haifi nata zuri'ar kalmomin. A 1600 likitan Ingila William Gilbert ya ƙirƙiri kalmar electricus daga sunan Girkancin don bayyana irin wannan ƙarfi, daga nan aka sami electric, wadda Hausa ta murɗa ta zama lantarki. Larabawa kuma daga sunan Farisancin suka sami kahraba, wutar lantarki, da kahraman, sunan ƙaron kansa, wanda ake yin carbi mai tsada da shi. Duk sanda muka ce an ɗauke lantarki, sunan ƙaron Baltik muke ambata da bakin Girkawa.

Da duk waɗannan sunaye, me ya kai shi ɗaukar sunan ambar? Ka sa kanka a matsayin mai kantin magani a Faris ko Landan a ƙarni na 13. Ga abubuwa biyu a gabanka. Dukansu a bakin teku ake tsintarsu. Dukansu ba su da nauyi. Dukansu idan aka kai su ga wuta suna ba da ƙamshi. Dukansu suna da tsada, ana sa su a magani, kuma babu wanda zai iya nuna maka gonar da ake shuka su ko ramin da ake haƙo su. Abu ne mai sauƙi ka ɗauka iri biyu ne na abu ɗaya. Haka aka yi: tun ƙarshen ƙarni na 13 aka fara kiran ƙaron da ambre.

Da suna ya zama na mutum biyu, dole a nemi abin rarrabewa. Idan akwai Audu biyu a gida ɗaya, sai ka ji an ce Audu fari da Audu baƙi. Idan kuma ɗayan ya fi shiga mutane, a hankali shi ne zai koma Audu kawai, ɗayan ya tafi da laƙabinsa har kabari. Faransawa suka ce ambre jaune, rawayan ambar, shi ne ƙaron, da ambre gris, ambar mai ruwan toka, shi ne turaren. Ingilishi suka karɓi na biyun a farkon ƙarni na 15, suka manne kalmomin biyu suka zama ambergris.

Dalilin da ya sa ƙaron ya ci gida ba ɓoyayye ba ne. Turaren teku abu ne na sarakuna, ana auna shi da ma'aunin zinariya, talaka zai iya mutuwa bai taɓa shinshina shi ba. Ƙaron kuwa a ƙofar gidan Turai yake. Mayaƙan Jamus 'yan ƙungiyar Teutonic da suka mamaye gaɓar Baltik sun riƙe cinikinsa, suna sayar wa masu sana'ar carbin Kirista a biranen Bruges da Lübeck, su kuma suna fere shi suna bazawa ko'ina. Abin da ke hannun kowa shi ke riƙe suna. Zuwa ƙarni na 17, idan Ingilishi ya ce amber, ƙaron yake nufi, sannan launinsa. Yau fitilar tsakiya a danjar titi amber ce a Birtaniya, kuma suna ne da ake raɗa wa 'ya'ya mata. Mafi yawan masu wannan suna ba su san daga hanjin dabbar teku ya fito ba.

Ita gris kuwa ba ta da jinin Latin. Faransanci ya gaje ta daga harshen Farankawa, ƙabilar Jamusawan da ta ba ƙasar sunanta. Ke nan ambergris rabinta Larabci ne, rabinta Jamusanci, Faransa ta ɗaura auren, Ingila ta riƙe ɗan.

Ingilishi ba su bar ta haka ba. Wanda bai iya Faransanci ba, idan ya ji gris, kalmomi biyu ne ke zuwa masa: grease, wato maiƙo, da Greece, ƙasar Girka. Tun da abin yana da maiƙo-maiƙo a hannu, sai aka riƙa rubuta ambergrease, wasu kuma amber-greece, kamar daga Girka ake kawo shi. Rubuce-rubucen ƙarni na 17 cike suke da waɗannan siffofi. Abin sha'awa, akwai kalmar da ta yi wannan tafiya a juye: verdigris, koren tsatsar da ke fitowa a jikin tagulla, asalinta vert de Grèce, koren Girka, amma aka murɗa ƙarshenta ya koma gris. Ɗaya an cusa mata Girka ba ta da ita, ɗaya an cire mata tata.

Duk wannan ruɗani tushensa ɗaya ne: sunan ya isa Turai, amma ilimin abin bai biyo shi ba. A nan ne nake ganin ana yawan tauye wa wasu haƙƙi idan ana ba da tarihin.

Yadda aka saba faɗa shi ne, duniya ta zauna cikin duhu game da asalin ambar har sai da mafarautan Amurka suka warware. Gaskiya ne an yi ta hasashe iri-iri. Sinawa sun kira shi ƙamshin yawun dodon teku. Wasu sun ce kashin tsuntsu ne, wasu kumfar teku, wasu zumar da ta gangaro daga duwatsu, wasu tsiro ne a ƙasan ruwa. Ibn Sina ya karkata ga cewa wata maɓuɓɓuga ce a cikin teku, ya kuma ce maganar masu cewa kumfa ce ko kashin wata dabba ta yi nisa da gaskiya. Ka lura da wannan: amsar da ta fi kusa da daidai tana yawo a zamaninsa, kuma babban likitan ya ture ta.

Amma mutanen gaɓa sun san abin da suke gani. Masanin tarihi Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya rubuta cewa mafi kyawun ambar yana fitowa a gaɓar Shihr ta kudancin Larabawa da gaɓar Zanj ta gabashin Afirka, cewa mutanen Mahra na can kudancin Larabawa suna hawa raƙumansu da dare suna bin bakin teku suna nemansa, kuma cewa idan babban kifi ya mutu da shi a ciki, mutane sukan bi shi da kwale-kwale da ƙugiyoyi da igiyoyi su farke cikinsa su ciro. Marco Polo, a ƙarshen ƙarni na 13, ya bayyana yadda mutanen tsibirin Sokotra, wanda ke cikin teku kudu da Yaman, ke cakar dabbar da ƙarfe mai kunne, su ɗaura igiya da abin da zai yi iyo, in ta mutu su jawo ta, su ciro ambar daga ciki da mai daga kai. Mutanen da suka ba dabba da turare suna ɗaya ba da ka suka yi ba.

Inda za a yi wa kowa adalci shi ne nan: yawancin marubutan da sun ɗauka dabbar haɗiye ambar take yi daga teku, ba su ce jikinta ne ke yin sa ba. Tabbatar da wannan sai da farauta ta zama masana'anta. A farkon ƙarni na 18 mutanen tsibirin Nantucket da ke gabashin Amurka suka fara fita can tsakiyar teku neman dabbar ambar, ba don turare ba, don mai. A 1724 likitan Boston Zabdiel Boylston ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan bayanin abin da mafarautan suka gaya masa, cewa suna samun ambergris a cikin dabbar, amma sai a farke da yawa kafin a dace da ɗaya. Paul Dudley, wani alƙali na can yankin Boston, ya biyo da nasa a 1725. Sai a 1783 wani likita mai suna Franz Schwediawer, bayan ya yi hira da mafarautan da suka yi wannan aiki da hannunsu, ya gabatar da hujjar da ta zauna: a hanjin dabbar abin yake samuwa, kuma baƙaƙen ɓaraguzan da ake gani a cikinsa, waɗanda magabata suka ɗauka bakin tsuntsu ne, bakunan abincinta ne.

Abincin nata wata halittar ruwa ce mai laushin jiki da hannuwa goma, squid, wadda babu abu mai tauri a jikinta da ya kai bakinta, mai lanƙwasa irin na aku. Dabbar ambar tana haɗiye dubbansu. Naman yana narkewa, bakunan ba sa narkewa, don haka takan amayar da su. Amma a wasu 'yan ƙalilan, kamar ɗaya cikin ɗari, bakunan sukan zarce cikin hanji, su cakuɗe da kashi da wani maiƙo, su dunƙule can kusa da mafita. Dunƙulen yana girma sannu a hankali, shimfiɗa kan shimfiɗa, shekara da shekaru. Saboda haka laƙabin "aman kifi" da jaridu ke so kuskure ne. Ta baya abin yake. Wani lokaci dabbar ta iya fitar da shi, wani lokaci ya fi ƙarfinta. A 1953 masanin halittun ruwa Robert Clarke ya ga an ciro guda mai kilo 420 daga dabba ɗaya a tekun kudancin duniya. A 2023 aka tsinci mushen wata a tsibirin La Palma na Sifaniya, likitan da ya binciki gawar ya ciro dunƙule mai kilo tara da rabi daga hanjinta, ya kuma gano shi ne ya ji mata raunin da ya kashe ta. Abin da ke zama arzikin mai tsintuwa, ga dabbar ciwo ne.

Sabon ambar baƙi ne, mai laushi, mai warin kashi. Sai ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa, rana tana dukansa, gishiri yana cinsa, iska tana ratsa shi, sannan ya taurare, ya yi haske zuwa ruwan toka ko fari, warin ya juye ya zama wani ƙamshi mai sanyi da ke kama jiki ya daɗe. Ashe gris ɗin da Faransawa suka liƙa ba launi kaɗai yake nunawa ba, shaidar nuna ce. Na cikin mushe, irin na masuntan Yaman, bai kai wanda teku ya daɗe yana reno daraja ba.

Ita kanta dabbar, sunan da Ingilishi suka ba ta wani kuskuren ne da ya daskare. A cikin ƙaton kanta akwai wani farin mai, har lita 1,900 a babban namiji, wanda ke daskarewa idan ya sha iska. Turawan da sun ɗauka maniyyin dabbar ne, suka kira shi da Latin sperma ceti. Daga nan aka sami spermaceti whale, aka gajarta ta zama sperm whale. An daɗe da sanin ba haka ba ne, amma sunan ya zauna. Wannan man ne aka yi kyandir mafi haske da shi, har dokar Birtaniya ta 1860 ta mayar da kyandirinsa ma'aunin hasken fitila. Balarabe ya kira dabbar da sunan turarenta, Ingilishi ya kira ta da sunan abin da ba shi ne ba.

Saboda wannan mai ne, ba saboda ambar ba, aka yi mata kisan da aka yi. A 1846 jiragen farautar Amurka sun kai 735, mafi yawansu daga New Bedford da garuruwan da ke kusa, suna tafiyar shekara uku ko huɗu kafin su dawo gida. Ambar a wurinsu tsintuwa ce: idan sun kashe ramammiyar dabba mai alamar ciwo, sai su soka dogon mashi cikin hanjinta su shinshina bakin ƙarfen. Rijiyar man fetur da aka haƙa a Pennsylvania a 1859 ta karya kasuwar man fitila, amma ba ta ceci dabbar ba. A ƙarni na 20, da jiragen inji da bindigar mashi, an kashe dabbar ambar sama da 700,000, fiye da abin da masu kwale-kwale suka kashe a ƙarni biyu. Sai a 1986 dakatar da farautar kasuwanci ta duniya ta fara aiki. Dabba ce da macenta ke haihuwar ɗa ɗaya tak bayan shekara huɗu ko fiye, don haka giɓin da aka yi ba mai saurin cikewa ba ne.

Dokoki kan ambar ɗin kansa sun sha bamban. A Amurka da Indiya haramun ne cinikinsa, kuma a Indiya ana yawan kama mutane da shi. A Birtaniya da Faransa, wanda aka tsinta a gaɓa halal ne a sayar, bisa hujjar cewa abu ne da dabba ta yar, ba a taɓa ta ba.

Sai kuma ma'ana ta uku, bayan turaren teku da ƙaron Baltik, wadda ita ce mai sayen turare a Kano ko Yamai ya fi gamuwa da ita. Kwalbar da aka rubuta wa amber ko ambar a kanti, mafi yawan lokaci babu ƙaron Baltik a cikinta, babu kuma komai daga teku. Masu haɗa turare sun ba wani gauraye wannan suna: ƙaron wani tsiro na gaɓar Bahar Rum da ake kira labdanum, da jawul, da banila, abin da ke ba da ƙamshi mai ɗumi da zaƙi-zaƙi. Ba ha'inci ba ne, sunan sana'a ne, amma ba shi ne abin da Imam Malik ya yi magana a kansa ba, kuma kuɗinsa kaɗai ya isa ya gaya maka hakan.

Ƙamshin ambar na ainihi kuwa masana sinadarai sun bi sawunsa har suka kama. A 1820 Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, waɗanda a shekarar ce kuma suka tace kwinin na maganin zazzaɓin cizon sauro, suka ware babban sinadarin da ke cikinsa suka sa masa suna ambrein. Shi kansa ba shi da ƙamshi. Sai rana da iska sun farfasa shi ne yake haifar da masu ƙamshin, wanda babbansu shi ne ambroxide. A 1950 masanan kamfanin Firmenich na Siwizalan suka gano yadda za a haɗa wannan daga wani ganye da ake nomawa, clary sage. Yau ana noma ganyen a Faransa da jihar North Carolina ta Amurka da wasu ƙasashe, ana tace shi tan-tan, kuma sinadarin yana cikin manyan turarukan maza da ake yayi, yana cikin man wanke gashi, har da garin sabulun wanki.